Babi na Shida: Gadon da Ba a Raba Ba

A watan Janairun 1904, wani gidan gwanjo na birnin Landan mai suna Puttick & Simpson ya fito da wata 'yar takarda shuɗiya da za ta iya ɓuya a ƙarƙashin babban yatsa. Kan sarki ne na kwabo biyu, bugun tsibirin Morishus na shekarar 1847, sabo fil, ba a taɓa manna shi a jikin ambulan ba. Mai shi, James Bonar, ma'aikacin gwamnati ne da ya taɓa tara kan sarki lokacin yana ɗan makaranta, daga baya ya rufe kundin ya cusa cikin kaya, ya manta da shi kusan shekara arba'in. Da ciniki ya faɗa, an sallama 'yar takardar a kan fam 1,450. Har zuwa ranar ba a taɓa biyan kuɗi haka saboda kan sarki ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya saya bai halarci wurin ba, wakili ya tura.

Masu tara kan sarki har gobe suna ba da labarin abin da ya biyo baya. Wai wani bafade ne ya tambayi Yarima Joji, mai jiran gadon sarautar Ingila, ko ya ga a jarida cewa wani wawa ya zubar da wannan uban kuɗi a kan 'yar takarda guda. Yarima ya ce ya gani, kuma ai shi ne wawan.

Wannan kan sarkin yana nan har yau a hannun zuriyarsa, cikin tarin da masana suka yarda babu na biyunsa in dai ana maganar kan sarkin Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka. Tarin ya faro daga baffan Joji, ya bi ta hannun mahaifinsa ya zo gare shi, ya wuce ga 'ya'yansa biyu, sannan jikarsa, yau kuma yana hannun tattaɓa-kunnensa, Sarki Charles na Uku. Mutum bakwai ke nan, a hawa biyar na zuriya ɗaya. A cikinsu biyu kacal ne abin ya shiga jininsu. Sauran biyar kundaye suka gada, ba su gaji irin wannan sha'awar ba. Amma tarin ya ratsa hannuwansu bai watse ba, alhali manyan taskokin kan sarki na zamaninsa sun ƙare a gaban mai gwanjo.

Daga baffa zuwa ɗan wansa

Kafin 1840, a Birtaniya wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta, gwargwadon nisan da ta yi da yawan takardun da ke ciki. Talaka sau da yawa sai ya ƙi karɓa. A 1837 wani tsohon malamin makaranta, Rowland Hill, ya kawo shawarar mai aikawa ya riƙa biya tun farko, kuɗi kaɗan kuma bai ɗaya, ko ina wasiƙar za ta a cikin ƙasar. Shaidar biyan ita ce 'yar takarda mai ƙaro a bayanta. Ranar 6 ga Mayun 1840 kan sarki na farko a duniya ya fara aiki: baƙi, na kwabo ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. An buga fiye da miliyan 68 kafin a sauya shi da ja a 1841, domin jan hatimin da gidan waya ke dannawa ba ya fitowa sosai a kan baƙi, kuma masu wayo na wanke shi su sake aika wata wasiƙar.

Sauran ƙasashe suka bi sahu, kowace da launinta da zanenta, nan da nan yara suka gano cewa abin tarawa ne. 'Ya'yan Sarauniya ma ba a bar su a baya ba. A 1856 an ba manyan 'ya'yanta maza biyu, Edwad da Alfred, kyautar sabon kan sarkin sisi tun bai shiga kasuwa ba. Edwad bai damu ba, hankalinsa daga baya ya tafi wajen dawakan tsere da liyafa. Alfred kuwa abin ya kama shi.

Aikinsa ma ya taimaka masa. Yana ɗan shekara 14 ya shiga sojan ruwa, ya ga Afirka ta Kudu, da Ostireliya, da Indiya, da Japan, kuma duk tashar da jirgi ya tsaya akwai gidan waya. A 1890, shekarar da kan sarki ya cika hamsin da fitowa, shi ya buɗe babban baje kolin da aka yi a Landan, ƙungiyar masu tara kan sarki ta birnin, wadda aka kafa tun 1869, kuma ta naɗa shi shugabanta na girmamawa.

Tsakanin 1886 da 1889 Alfred ne ke jagorantar rundunar jiragen ruwan Birtaniya a Bahar Rum, da mazauni a tsibirin Malta. A cikin ƙananan hafsoshin da ke ƙarƙashinsa akwai ɗan wansa, Joji, saurayi mai ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya mai da gidan baffansa wurin zuwa. A wurin baffan ya kwashi sha'awar. Ɗan Alfred namiji tilo ya rasu a 1899, shi kansa ya bi shi a 1900. Kafin rasuwarsa ya sayar wa wansa Edwad da tarin, Edwad kuma bai tsaya buɗe kundayen ba, ya miƙa wa ɗansa Joji.

Wannan ne karo na farko da tarin ya faɗa hannun wanda bai damu da shi ba. Abin da ya cece shi kawai, mutumin ya san wanda ya damu.

Jajayen kundaye

Ba a haifi Joji don sarauta ba. Wansa Albert Victor ne magaji, sai ya rasu a Janairun 1892, nauyin ya dawo kan ƙane. Joji ya bar aikin jirgi, ya auri Gimbiya Mary a 1893, 'yan ƙungiyar masu tara kan sarki kuma suka haɗa masa gudummawar biki da kundi mai ɗauke da kan sarki kusan 1,500. A shekarar ce ya ɗauki wani lauya, John Tilleard, ya zama mai ba shi shawara da kula masa da tarin. Ya gaya wa Tilleard a wasiƙa cewa ba ya son nasa ya zama ɗaya daga cikin masu kyau a Ingila, so yake ya zama shi ne kan gaba. A 1896 ya zama shugaban ƙungiyar, ba na jeka-na-yi-ka ba, yana halartar zama yana nuna abin da ya tara. A 1906 mahaifinsa, wanda a lokacin ya hau gado da sunan Edwad na Bakwai, ya amince ƙungiyar ta ƙara kalmar sarauta a sunanta. Har yau Royal Philatelic Society London ake kiranta.

Wayon da Joji ya yi tun da wuri shi ne sa wa kansa iyaka. Bai bi kan sarkin duniya duka ba, ya tsaya a kan Birtaniya da daularta. A cikin wannan iyaka kuwa bai bar komai ba. Ba ƙwaya ɗaya ta kowane bugu yake nema ba. Yana son huɗu a haɗe, daga kusurwar fallen, inda lambar farantin bugu take. Yana son zanen hannu da mai zane ya fara yi, da gwajin launi da aka yi aka watsar, da bugun da aka yi kuskure a cikinsa. Idan babban mai tari ya rasu ko ya shiga matsi, yakan saye sashe sukutum, ya zaɓi abin da babu a wurinsa.

Wanda bai san harkar ba yakan yi mamakin abin da ke sa 'yar takarda tsada. Ƙarancinta ne da lafiyarta. Na Morishus ɗin nan, wani mai sassaƙa a birnin Port Louis, Joseph Barnard, ya zana shi a farantin tagulla, aka buga 500 na kwabo ɗaya da 500 na kwabo biyu. Matar gwamnan tsibirin ta yi amfani da wasu wajen aika katin gayyatar liyafa. A gefensu an rubuta «Post Office», bugun da ya biyo baya a 1848 kuma aka sauya rubutun. A cikin dubun nan 27 kawai aka san sun rage a duniya. Shi ya sa mai tari ba ya taɓa kan sarki da yatsa, sai da hantsaki. Yana duba shi da madubi mai ƙara girma, yana ƙirga hudojin gefensa, yana ɗaga shi a haske don ganin alamar da aka saƙa a cikin takardar, yana juya bayansa ya ga ko ƙaron asali na nan. Haƙori ɗaya da ya karye a gefe na iya zubar da farashi warwas.

Edwad na Bakwai ya rasu ranar 6 ga Mayun 1910, shekara 70 cif da fara aikin kan sarki na farko, Joji ya hau gado da sunan Joji na Biyar. Yanzu mai tarin ya zama shi ne hoton da ke jikin abin da yake tarawa, kuma babu kan sarkin da zai fita a Birtaniya sai ya sa hannu. Na farko da aka buga da kansa a 1911 an ɗauko shi daga hoto, bai yi kyau ba, jama'a suka yi ta tsegumi, shi ma bai gamsu ba. A 1912 aka sauya shi da wani mai nuna gefen fuska.

Tilleard ya rasu a 1913, aka ɗauko Edward Denny Bacon, mutumin da ya riga ya yi suna wajen tsara tarin Thomas Tapling, ɗan majalisar da ya rasu a 1891 ya bar wasiyyar a ba gidan tarihin Birtaniya kan sarkinsa. Bacon ya shafe shekara 25 yana manna kan sarki a shafi yana rubuta bayanin kowanne da hannu. Idan Sarki yana Landan, sau uku a mako bayan azahar yakan shiga ɗakin kan sarki na fadar Buckingham ya zauna da Bacon, fadawa kuma sun san ba lokacin kawo magana ba ne. A shekarun Yaƙin Duniya na Farko wannan ɗakin ne wurin da yake samun sararin numfashi.

Ba kowa abin ya burge ba. Harold Nicolson, wanda aka ba aikin rubuta tarihin rayuwarsa, ya yi ƙorafi a littafin ajiyar sirrinsa cewa shekara goma sha bakwai na rayuwar mutumin kafin ya hau gado babu abin rubutawa a ciki sai harbin tsuntsaye da manna kan sarki. Sai dai abin da mannawar ta haifar ba ƙarami ba ne. Lokacin da Joji na Biyar ya rasu, ranar 20 ga Janairun 1936, ya bar jajayen kundaye 328, kowanne mai shafi kusan 60.

Daula a cikin kundi

Wanda ya bi shafukan irin wannan tari, tarihin mamaya yake karantawa, ko ya so ko bai so ba. Ranar 1 ga Janairun 1900 Frederick Lugard ya yi shelar kafa yankin Arewacin Najeriya a ƙarƙashin Birtaniya, a shekarar kuma kamfanin De La Rue na Landan ya buga kan sarki mai kan Biktoriya da sunan yankin. A lokacin Kano da Sakkwato na hannun sarakunansu, sai a 1903 aka ci su da yaƙi. Wato takarda ta riga bindiga isowa da shekara uku. A 1904 aka buga wa yankin kan sarki na fam 25 mai kan Edwad na Bakwai, kuɗin da ya wuce na aika kowace irin wasiƙa nesa ba kusa ba. 'Yan kaɗan ne suka rage, kuma yau yana cikin waɗanda masu tari suka fi nema a duk bugun Afirka na zamanin Turawa. Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, sunan yankin ya ɓace daga jikin kan sarki, «Nigeria» ta maye gurbinsa.

Yaƙin da ya ɓarke a shekarar ya ƙaro wa kundayen wani sabon babi mai ban dariya da ban takaici. Kan sarkin da Jamus ke bugawa don Togo da Kamaru yana ɗauke da hoton jirgin shaƙatawar Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu. Mahaifiyar Wilhelm yayar mahaifin Joji ce, wato su biyun taubasai ne, jikokin Biktoriya. Da sojojin Birtaniya da Faransa suka ƙwace Togo a 1914, suka kutsa Kamaru, sai suka tarar da kan sarkin Jamus jibge a gidajen waya. Maimakon su zubar, suka danna sabon rubutu da sabon farashi a kan jirgin taubashin Sarki suka ci gaba da sayarwa. An yi bugun cikin gaggawa, da haruffan da aka samu a kusa, don haka kurakurai suka yi yawa, kuma kuskure shi ne abincin mai tari.

Daga baya zanen ya fara nuna ƙasar kanta, amma da idon mai mulki. Jerin Najeriya na 1936 ya nuna shanun Fulani a kan na sule ɗaya, da injin gurzar auduga, da aikin kuza, da gadar Jebba. Na 1953, mai kan Sarauniya Elizabet, ya kawo mahayan Barno a na kwabo ɗaya, da gyaɗa, da fatu da ƙiraga. Mafi yawan hotunan kayan da ake lodawa a jirgi ne zuwa Ingila.

Shuɗi da kore

Shekarar 1936 ce tarin ya fi kusa da halaka. Babban ɗan Joji, Edwad na Takwas, ba shi da ko ɗigon sha'awar kan sarki, kuma an ce har ya yi tunanin sayar da kundayen. Bai kai ga haka ba. A watan Disamba ya sauka daga gadon sarauta don ya auri Wallis Simpson, ƙaninsa ya hau da sunan Joji na Shida, tarin kuma ya zauna a matsayin kayan gida da ke bin wanda ke kan gado.

Joji na Shida yana da 'yar sha'awa, amma bai kai mahaifinsa ba, yaƙi kuma bai bar masa lokaci ba. Aikin ya koma kan Sir John Wilson, wanda ya karɓi kula da tarin a 1938 ya riƙe har 1969. Wilson ya yanke shawarar da ta ba tarin fasalinsa na yau: jajayen kundaye an rufe su a kan abin da Joji na Biyar ya bari, duk abin da ya shigo a zamanin ɗansa sai a shuɗin kundi. Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a Landan, an kwashe jajayen zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa a wani reshen bankin Lloyds da ke titin Pall Mall. A 1952 Wilson ya fitar da ƙaton littafi mai lissafin abin da ke cikinsu. Daga ranar duk duniya ta san abin da gidan ya mallaka, kuma abin da aka lissafa a rubuce yana da wuyar salwanta a ɓoye.

Sarauniya Elizabet ta Biyu ta gaji kundayen a shekarar, nata kuma suka zama kore. Dawaki da karnuka ne abin sonta, amma ta riƙe amanar kakanta. Ta ci gaba da naɗa masu kula: bayan Wilson sai John Marriott, malamin lissafi da ya yi aikin warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park lokacin yaƙi, sai Charles Goodwyn a 1995, sai Michael Sefi daga 2003 zuwa 2018. A zamaninta ƙasashen da suka sami 'yancin kai suka yi ta fitar da sabon bugu babu ƙaƙƙautawa, kaya suka fi ƙarfin masu mannawa, da yawa suka zauna a akwatuna suna jiran layi. A ƙarshen shekarun 1990 aka mai da tarin fadar St James.

Ta kuma ƙara masa abin da kakanta bai samu ba. A 2001 aka sayo wata ambulan da aka aika garin Kirkcudbright na Sikotilan ranar 6 ga Mayun 1840, ranar farko ta aikin kan sarki, ɗauke da baƙaƙen nan guda goma a haɗe. An biya fam 250,000, kuma ba daga aljihun Sarauniya kuɗin ya fito ba. Kan sarkin da suke da shi biyu-biyu aka kai gwanjo aka biya da kuɗinsa. Tarin ya kai matsayin da yake ciyar da kansa.

Waɗanda suka watse

Darajar wannan ɗorewa ba ta fitowa sai an duba abin da ya sami sauran. A zamanin Joji, wanda ya fi kowa tarin kan sarki a duniya shi ne Philipp von Ferrary, ɗan wata hamshaƙiyar attajira, mazaunin birnin Paris. Tun yana yaro ya fara, ya tara kusan duk wani abu mai wuyar samu. Ba shi da ɗa. Ya rasu a 1917, ya bar wasiyyar a kai tarin gidan tarihin gidan waya na Berlin. Faransa tana yaƙi da Jamus, don haka ta ƙwace shi, ta yi gwanjonsa kashi 14 tsakanin 1921 da 1926, ta sa kuɗin a lissafin diyyar yaƙi.

A cikin kayan Ferrary akwai wani kan sarki ja mai duhu na ƙasar Guyana, bugun 1856, wanda shi kaɗai ya rage a duniya. Wani yaro ɗan shekara 12, Vernon Vaughan, ya tsinto shi a cikin tsofaffin wasiƙun danginsa a 1873, ya sayar sule shida. A 2014 an saye shi kusan dala miliyan tara da rabi, a 2021 kuma dala miliyan 8.3. Shi ne babban giɓin da ya rage a jajayen kundaye.

Shugaban Amurka Franklin Roosevelt daga wajen mahaifiyarsa ya samo tushen nasa tarin yana yaro. Da shan inna ya kwantar da shi a 1921, kundayen ne suka ɗebe masa kewa, kuma bai rabu da su ba har a Fadar White House. Ya rasu a Afrilun 1945 ya bar 'ya'ya biyar. A 1946 aka kai tarin gwanjo a New York, aka tashi da sama da dala 200,000.

Na Masar ya fi kusa da na Ingila. Sarki Fu'ad na Ɗaya gwanin tara kan sarki ne, kuma shi ma a 1936 ya rasu, wata uku bayan Joji na Biyar. Ɗansa Faruk ya gaji tarin ya ƙara a kai, har da tsabar kuɗi da agoguna da duk abin da idonsa ya gani. A nan magaji ya gaji sha'awar har ta yi yawa, amma gadon sarautar ne bai ɗore ba. Sojoji suka kifar da shi a Yulin 1952, a 1954 sabuwar gwamnati ta kira dillalai daga Turai da Amurka zuwa fadar Kubba da ke Alƙahira aka yi gwanjon komai.

Abin da ya riƙe kundayen

Duk wanda ya taɓa ganin littattafan babban malami ranar rabon gado, juzu'i na ɗaya ya tafi ɗakin wannan, na biyu ya tafi ɗakin waccan, ya san yadda tari ke mutuwa ba tare da an ƙona ko warƙa ɗaya ba. Kimar tari a haɗuwarsa take. Kundayen gidan sarautar Ingila sun tsira daga wannan ne saboda magaji ɗaya ke ɗauka duka. Doka ma ta tsaya musu. Talakan Birtaniya da ya gaji dukiya mai yawa yana biyan harajin kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura wani adadi, abin da kan tilasta wa iyalai sayar da kayan kakanni. Yarjejeniyar da gwamnatin John Major ta yi da fada a 1993 ta keɓe abin da sarki ya bar wa sarki mai gadonsa daga wannan haraji.

Bayan haka, tun daga 1893 aka riƙa naɗa mai kula na dindindin, wanda aikinsa ba ya jiran sha'awar maigida. Akwai rubutaccen lissafi. Akwai kuma kayan da ke shigowa da kansu, domin gidan wayar Birtaniya da na ƙasashe da dama na Kwamanwel sun saba aika wa fada samfurin sabon bugu. Wannan hanya ta ƙarshe ta jawo magana. Tarin dukiyar sarki ce ta ƙashin kansa, ba ta ƙasa ba, kuma a 2023 jaridar Guardian, wadda ta ƙiyasta kimarsa da aƙalla fam miliyan 100, ta yi tambaya a kan kan sarkin da wasu gwamnatoci suka bayar kyauta a hukumance amma ya ƙare a ciki. Jama'a ba su da ɗakin da za su shiga su gani. Sai dai akan ba da aron sassa don baje koli, kamar wanda aka yi a gidan tarihin gidan waya na Washington a 2004, kuma an saba nuna wa 'yan ƙungiyar Landan wani sashe a zaman buɗe shekararsu.

Gidajen talakawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan garkuwoyi. A Birtaniya da Amurka miliyoyin yara sun taso suna jiƙa kusurwar ambulan a ruwa su ɓare kan sarki, su shanya, su manna a kundin da uba ko kaka ya ba su. Yawancin waɗannan kundaye ba su da wata kima a kasuwa, domin abin da aka buga miliyoyi ba ya tsada. Ko baƙin nan na 1840, wanda aka yi amfani da shi ana samunsa a wurin dillalai da 'yan ɗaruruwan fam ko ƙasa da haka. Abin da ke sa irin wannan kundi ya kai ga jika shi ne a sami mutum ɗaya a gidan da aka ce nasa ne, aka kuma nuna masa yadda ake buɗe shi tun mai shi na raye.

Sarki Charles ya karɓi kundayen bayan rasuwar mahaifiyarsa ranar 8 ga Satumban 2022. Kan sarki mai ɗauke da kansa ya fara fita a Afrilun 2023, babu kambi a kansa, kuma ya ba da umarnin a ƙarar da na mahaifiyarsa da aka riga aka buga maimakon a lalata su. Sai dai abin da ke ciyar da sha'awar tun asali yana ƙafewa. Yaron da ba a kawo wa gidansu wasiƙa ba shi da ambulan da zai jiƙa. Wajen 2004 gidan wayar Birtaniya na raba wasiƙu kusan biliyan 20 a shekara. Shekara ashirin bayan haka adadin ya faɗo ƙasa da biliyan 7.